Darasi Ga Ƙungiyoyin Manoma: Ɗaga Motar Ƙungiya Domin Hanyoyin Ƙauye

Darasinmu na wannan karo a kan motar ƙungiya ne, wato a-kori-kurar nan da ke kai mana taki gona, ta kuma kwaso amfani zuwa kasuwa. A karanta shi a taron ƙungiya, direba yana nan, ma'aji yana nan. In da hali, a gayyato makanikin da ya saba duba motar shi ma ya zauna.

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta a Dogarawa ko Samaru, ya nufi gonakin wajen Bomo, ko Basawa, ko Hunƙuyi, ko fadamun Galma cikin watan Agusta, ya san wahalar da muke magana a kai. Ƙasar Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba yake sauka. Ruwa ya zaizaye hanya, manyan motoci da tarakta su haƙa rami biyu inda tayoyinsu ke bi, su bar tudu a tsakiya. Ƙaramar mota ta zo da kaya, cikinta ya zauna a kan tudun, tayoyi suna ta juyawa a banza. Nan take sai ka ji wani ya ce, "Mu kai ta Sabon Gari a ɗaga ta."

Maganar ba ta da laifi. Amma ɗagawa iri-iri ce. Wata takan taimaka, wata takan cinye kuɗin ƙungiya a banza, wata kuwa takan kifar da mota da mutane a kanta. Saboda haka mu bi abin sannu a hankali.

1. Abin da ke ɗauke da mota

Jikin mota da injinta da kayan da aka loda duk a kan shasi suke zaune. Tayoyi kuwa a jikin aksil suke. Tsakanin shasi da aksil akwai sifirin, shi ne ke ɗauke da nauyi, yana lanƙwasawa yana miƙewa. Kusa da shi akwai shokazoba. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta hana mota yin ta tsalle bayan ta faɗa rami.

Sifirin iri uku ne. Na ɗaya mai falle-falle, wato dogayen ƙarafan nan da aka jera ɗaya bisa ɗaya aka ɗaure a tsakiya. Na biyu naɗaɗɗe, wanda makanikai ke kira koyil. Na uku doguwar sanda ce ta ƙarfe da ke kwance a gefen shasi, tana murɗawa in taya ta hau tudu.

Ku fara sanin irin wanda ke jikin motarku. Fijo 504 a-kori-kura, irin wadda aka yi ta haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta fara aiki a 1975, tana da koyil a gaba, mai falle a baya, kuma tayoyin baya ne kaɗai ke ja. Tsohuwar Land Rover ta kafin 1983 mai falle ce gaba da baya. Waɗanda suka biyo bayanta koyil ne. Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu ta dā ita ma mai falle ce gaba da baya. Wadda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2004 sandar murɗawa ce a gabanta, daga 2005 kuwa koyil ne. Bayan Hilux dai mai falle ne har yau. Land Cruiser a-kori-kura ta koma koyil a gaba tun 1999, bayanta mai falle. Kayan wannan ba ya shiga waccan, ko da suna ɗaya ne, muddin shekara ta bambanta.

2. Abubuwa uku da ya kamata kowa ya gane

Na farko, ɗaga sifirin ba ya ɗaga aksil. Ku leƙa ƙarƙashin motar ta baya, za ku ga wani abu kamar tulu a tsakiyar aksil. Wannan tulu shi ne ya fi kusa da ƙasa, shi ne kuma yakan fara zama a kan tudun tsakiyar hanya. Ko an ɗaga shasi kamu guda, tulun yana nan inda yake, domin a kan taya yake tsaye. Abin da ɗagawa ke nisantawa da ƙasa shi ne cikin motar, da tankin mai, da salansa, da hancinta da wutsiyarta. Wannan yana da amfani wajen sauka kwari da fita daga rafi. Amma tulun baya, babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi.

Na biyu, ɗagawa ba ta ƙara yawan kayan da mota za ta iya ɗauka. Birki da aksil da shasi da taya duk suna nan yadda kamfani ya yi su. Galibin a-kori-kura irin su Hilux an yi su domin kaya wajen kilo 1,000, kuma a cikin lissafin nan har da direba da duk wanda ya hau. Direba da mutum biyu sun kai kilo 200. Saura 800, wato buhu 8 na masara mai kilo 100, ko buhu 16 na takin zamani mai kilo 50. Akwai ɗan allo a jikin ƙofa ko kusa da inji da aka rubuta iyakar nauyin motar. Sifirin mai ƙarfi yana ɓoye lodi ne kawai. Motar ba za ta durƙusa ba, ido ya ga kamar lafiya, amma in aka zo gangara birki ne zai faɗi gaskiya.

Na uku, duk abin da ya yi tsawo ya fi saurin faɗuwa. Mace mai ɗauke da tulu a ka ta fi mai riƙe da shi a hannu taka-tsantsan in ta zo tsallake kwalbati. Haka mota take. In an ɗaga ta, aka jibga buhuna har suka wuce kan direba, aka kuma ɗora mutane a bisa, to kwana ɗaya da gudu, ko taya ɗaya da ta zame gefen hanya, ya isa ya kifar da ita. Mutanen da ke bisa kuwa matanmu ne da 'ya'yanmu masu zuwa cin kasuwa.

Domin haka shawararmu ita ce, kada ɗagawa ta wuce santimita 5, wato inci 2. Har zuwa nan yawancin sassan mota suna iya jurewa da ɗan gyara kaɗan. In aka wuce haka sai an canza abubuwa da dama masu tsada, kuma ba aikin motar noma ba ne.

3. Ku auna kafin ku kashe ko kwabo

Sau da yawa motar da ake cewa a ɗaga ba gajera ba ce, gajiya ta yi. Shekara da shekaru tana ɗaukar kaya, sifirin ya saki, ta zauna. Maganinta a mayar mata da tsayinta na asali.

Ga yadda za ku gane. Ku tsayar da motar a wuri mai daidai, babu kaya, iskar tayoyi daidai. Ku sa tef ku auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin bodi da ke samanta. Ku yi haka a ƙafafu huɗu, magatakarda ya rubuta a littafin mota. Sai ku loda kayan da kuka saba ɗauka bisa ƙa'ida, ku sake aunawa. In kun sami mota irin taku da ba ta wahala ba, ku roƙi mai ita ku auna, ku gwada da taku.

Sannan ku duba waɗannan:

(a) Sifirin mai falle, in yana da lafiya, yana da ɗan lanƙwasa kamar baka. In ya miƙe sambal babu kaya, ko ya juya baya, ya gaji.
(b) Ku nemi falle da ya tsage ko ya karye, musamman babban falle na sama mai ido a kowane ƙarshe.
(c) Akwai roba a jikin shasi da ke hana aksil bugunsa. In ta goge tana ƙyalli, ko ta fita gaba ɗaya, motar tana yawan zama a kanta.
(d) Shokazoba mai yoyon mai ta mutu.
(e) Ku duba shasi inda sifirin ke rataye. In tsatsa ta ci wurin, ko akwai tsaga, ku fara gyara wannan. Ba a ɗora sabon jinka a kan rubabben gini.

4. Hanyoyin ɗagawa, da wadda za ku zaɓa

*Sabon sifirin cikakke.* Ita ce hanya mafi kyau, ita ce kuma mafi tsada. Ana sayen jeri biyu, hagu da dama, tare da shokazoba da ta dace da tsayinsu. Masu ƙera su sukan rarraba su bisa nauyin da mota ke yawo da shi kullum. Kada ku ce lalle sai mafi ƙarfi. Sifirin da ya fi ƙarfin aikinsa yakan sa mota tsalle in babu kaya, tayoyin baya su riƙa barin ƙasa, tumatir ya farfashe a kwando kafin a kai kasuwa, shasi ma ya tsage.

*Ƙarin falle ɗaya.* Wannan ita ce aka fi yi a garejojinmu, kuma tana da sauƙin kuɗi. In sauran fallayen suna da lafiya, ƙarin falle ɗaya a kowane gefe yakan ɗaga bayan mota kaɗan, ya rage durƙusawa. Sharaɗi shi ne faɗinsa ya zama daidai da na sauran, tsawonsa ya shiga jeri daki-daki, kuma a canza kusar tsakiya da doguwa. Falle ɗaya ya isa. Masu ƙara uku ko huɗu sun mai da mota amalanke.

*Sake lanƙwasa tsohon sifirin.* Maƙera sukan buga shi da guduma ko su matsa shi ya koma baka. Yana ɗan jimawa, amma yakan sake zama. Abin da ba za ku yarda da shi ba sam shi ne a gasa falle da wutar walda domin a lanƙwasa shi, ko a yi wa karyayyen falle walda. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, zai kuwa karye a wurin, watakila da kaya a kai.

*Doguwar marataya.* Ƙarshen sifirin na baya yana rataye da wasu ƙarafa biyu gajeru da ke lilo. In an sa dogaye, mota takan tashi da kamar rabin abin da aka ƙara: a ƙara santimita 5, a sami wajen 2 da rabi. In sun yi tsawo da yawa mota takan yi ta yawo a hanya. Waɗanda aka yanko daga kowane irin ƙarfe a bakin titi, ku guje su.

*Dungun ƙarfe tsakanin aksil da sifirin.* Wannan yana ɗaga mota ne in sifirin yana bisa aksil. In a ƙarƙashin aksil yake, kamar na tsohuwar Land Rover, dungun saukar da motar zai yi. Ba ya gyara sifirin da ya gaji. Kada a taɓa sa shi a aksil na gaba, kada a jera biyu, kada kuma a yi shi da katako.

*Gaban mota.* Mai sandar murɗawa tana da noti da ake ɗaurewa hancinta ya tashi. A yi kaɗan, santimita 2 ko 3. In aka matsa da yawa, taya ba ta da sauran wurin sauka cikin rami, robobin sandar da ke juya tayar gaba su yi ta yagewa. Mai koyil kuwa gara a sa sabon koyil da ya dace da a cusa zobe mai kauri a kan tsohon.

*Babbar taya.* Ita ce ke ɗaga tulun aksil, da rabin abin da tsayin taya ya ƙaru. Misali, taya mai lamba 205/80 R16 tsayinta wajen santimita 73 ne, mai lamba 235/85 R16 kuwa wajen 81. Bambancin ya ɗan wuce santimita 7, tulun zai tashi da ƙasa da santimita 4. Amma akwai kuɗin da za a biya. Tayar ta fi waccan girma da kamar kashi 10 cikin 100, saboda haka ƙarfin jan mota a hawa zai ragu da kamar haka, birki zai ƙara wahala, kuma in agogon gudu ya nuna 80, ainihin gudun ya kusa 88. A canza duka huɗu har da safaya, domin mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son taya mabambanta.

5. Wajen saye

Kada mutum ɗaya ya je. A aiki direba da ma'aji da makaniki. Ku tafi da lambar shasi da shekarar motar, in ya yiwu da tsohon sifirin ɗin a hannu. Ku tambayi farashi a shago uku, a Sabon Gari ko Kaduna ko Kano, kafin ku biya, ku kuma karɓi rasit.

In na hannu za ku saya, ku ajiye biyun a ƙasa gefe da gefe, ku ga lanƙwasarsu ɗaya ce, adadin falle ɗaya ne. Ku kankare fenti ku duba, domin baƙin fenti yana rufe tsaga. Wasu sifirin akwai na hagu akwai na dama, da alama a jikinsu. Kada a musanya.

Ku sa waɗannan a lissafi tun farko: sababbin kusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil, da sababbin bushin, da kusar tsakiya, da shokazoba. Tsohuwar kusar U ta riga ta miƙe, ba a mayar da ita. Shokazoba gajera takan tsinke ko ta fizge mazauninta. Wadda ta yi tsawo da yawa takan daki ƙarshenta kafin robar shasi ta tare aksil. Taya kuma ku nemi ta ɗaukar kaya, mai alamar C ko LT. A gefenta akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Araha ba ta ado.

6. Ranar ɗaurawa

A yi aikin da rani, kafin jigilar taki ta kankama. Wakilin ƙungiya ya tsaya a wurin daga farko har ƙarshe.

1. A tsayar da mota a ƙasa mai tauri, a sa giya, a tare tayoyi da dutse ko katako gaba da baya.
2. A ɗaga da jak, a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti ba matokari ba ne, yakan fashe ba gargaɗi.
3. A yi gefe ɗaya a gama, sannan a koma ɗayan, domin a riƙa duba yadda abin yake a dā.
4. Kafin a kwance kusar tsakiya, a matse fallayen da maɗauri. Koyil kuwa ba a cire shi sai da abin matse shi na musamman. In ya kuɓuce yana iya kashe mutum.
5. Kan kusar tsakiya ya zauna cikin raminsa a jikin aksil. In bai zauna ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare.
6. A ɗaure notocin kusar U kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan ta ƙetarenta, har su yi daidai. In garejin yana da sifana mai awo, a bi awon littafin motar.
7. Kusoshin idon sifirin da na marataya a bar su sako-sako tukuna. Sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, an girgiza ta, sannan a ɗaure su tamau. In aka ɗaure tana rataye, bushin zai murɗe ya yage da wuri.
8. Tun tana sama, a bar aksil ya sauka iyakarsa, a duba tiyon birki da wayar birkin hannu. In sun miƙe kamar tsirkiya, sai an sa masu tsawo. Tiyon birki in ya tsinke, babu birki.
9. Motoci da yawa, har da Hilux, suna da wani ɗan bawul a baya mai siririyar sanda da ta haɗa shi da aksil. Shi ke ƙara wa tayoyin baya birki in an yi lodi. In an ɗaga mota ba a daidaita shi ba, zai ɗauka kullum babu kaya, birkin baya ya yi rauni. Ku tambayi makaniki a kansa, ku ga ya taɓa shi da idonku.

7. Bayan an gama

A sake auna ƙafafu huɗu a rubuta. Hagu da dama kada su bambanta fiye da santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Baya ya ɗan fi gaba tsawo in babu kaya. A murɗa sitiyari iyakarsa hagu da dama, a ga taya ba ta gogar bodi ko tiyo. A kai ta wajen masu daidaita ƙafafun gaba, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye ta gefe ɗaya. A gyara fitilu, domin bayan ɗagawa sukan haska inda bai kamata ba.

Direba ya gwada ta a hankali babu kaya, sannan da rabin kaya. In ya ji kaɗawa daga ƙasa sa'ad da yake tashi, farfela ce ta karkace fiye da kima, a koma gareji. Bayan tafiya ta farko da kaya a sake ɗaure notocin kusar U, a kuma sake bayan kilomita 500. Da damina, duk ranar da aka ratsa ruwa, a wanke laka a sa giris.

Sai ƙungiya ta kafa doka a rubuce, a manna a cikin motar: buhu nawa, mutum nawa, kuma kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da kan direba, kada su wuce tsayin bodi. Ƙarin lodi laifi ne a dokar hanya, jami'an kiyaye haɗurra suna kamawa. Direban da aka matsa masa ya ɗauki fiye da ƙa'ida yana da ikon ya ƙi, shugabanni kuma su goyi bayansa. Sawu biyu ya fi araha a kan aksil ɗaya da ya karye a daji.

A ƙarshe, ku tuna ba kullum laifin mota ba ne. In wuri biyu ko uku ne kaɗai ke tsare ta a hanyar gonakinku, aikin gayya na kwana biyu da diga da shebur, a sare tudun tsakiya, a zuba marmara, a buɗe wa ruwa hanya ta gefe, zai amfani motarku da amalanken shanu da mai babur gaba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane irin sifirin ne a gaban motarmu, wane iri ne a bayanta?
2. In ta maƙale, wane wuri ne ke taɓa ƙasa: tulun aksil, ko ciki, ko wutsiya? Wace hanya ce ta dace da wannan matsala?
3. Buhu nawa muka saba loda mata? Nawa allon jikinta ya yarda?
4. Wa ke da ikon hana ƙarin lodi ranar kasuwa?
5. Waɗanne wurare ne a hanyarmu za mu iya gyarawa da kanmu kafin ruwa ya sauka?

Aikin yi kafin taro na gaba: mutum uku su auna motar, babu kaya da kuma da kaya, su duba abubuwa biyar da aka lissafa a kashi na 3, su kawo rahoto a rubuce. Kada a fitar da kuɗi daga asusu sai an karanta rahoton nan a gaban kowa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.